Baffa Mai Sigina da Fitilar Wutsiya

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta. Da a ce zan bi yadda aka saba, nan zan tsaya in jero halayensa na kirki in rufe da addu'a. Amma akwai abin da muka aikata ranar rasuwarsa, wanda in na tsallake shi duk yabon da zan yi masa rabin magana ne. Don haka ku yi haƙuri da ni.

An jera kujeru a lungunmu na unguwar Hindawiyya a nan Jidda, an ja wayar fitilu daga wannan bango zuwa wancan, maza a waje, mata a ciki, gahawa da dabino suna zagayawa tsakanin magariba da isha. Jama'a ta zo fiye da yadda muka zata. Ta taga na ji Balaraben da Baffa ya yi wa gadin bene shekara da shekaru yana cewa, "Wallahi ya jama'a, ban taɓa jin mutumin nan ya ce 'ina zato' ba. Ko ya gani, ko bai gani ba, halas, shi ke nan." A cikin mata kuwa wata 'yar Nijar mai sayar da turaren wuta tana kuka tana dariya, tana ba da labarin ranar da ya kwatanta mata asibitin haihuwa ya sa ta maimaita kwatancen kamar 'yar makaranta, alhali naƙudar 'yarta ta kankama. Wata tsohuwa ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To yanzu in an yi mutuwa ko haihuwa wa zai riƙa gaya mana?"

Duk wanda ya yaba masa, ni sai in ƙara sunkuyar da kai. Domin a kusurwar ɗakin ga Gwaggo zaune, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da filas ɗin kunu a gefenta, ba ta kuka, ba ta amsa gaisuwar kowa.

Abin da ya faru shi ne: an yi wa Baffa wanka, mata sun yi bankwana da shi, an sallace shi, an binne, an yi zaman makoki na farko, kuma ba wanda ya gaya wa Gwaggo. Washegari bayan la'asar ta ɗauko tasi daga unguwarsu ta Bani Malik da kunun gyaɗar da ta dama masa, ta zo a kai mata shi asibiti. Ta sauka a bakin lungu ta ga ana shimfiɗa darduma ana jera kujeru. Ina tsaye a ƙofa da tiren kofuna a hannu muka haɗa ido. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa kuwa ba ta tsage ba.

Ba za a gane girman wannan abin kunya ba sai an san wanda muka yi wa, don haka bari in koma baya.

Baffa wan marigayi mahaifina ne. Kafin ya zo Jidda ma'aikacin reluwe ne a tashar Kano, mai sigina. Mu da aka haifa a nan mun girma ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a talabijin, saboda haka a kan tiren shayi ya koya mana aikinsa. Asuwaki biyu su ne dogo, akwatin ashana jirgi, butar shayi kuma ita ce kabin. Kabin wani ɗan bene ne a bakin tasha, daidai inda layukan dogo suke rarrabuwa, tagogi ta kowane gefe. A samansa dogayen ƙarafa ne tsaye a jere kamar taɓare, kowanne da lambarsa. Ka ja wannan, dogo ya karkata, jirgi ya bar wannan layi ya hau wancan. Ka ja wancan, hannun sigina da ke can nesa ya sauka, direba ya san an ba shi hanya. Jirgin fasinja daga kudu, na gyaɗa, na shanu daga Nguru, ga kan jirgi yana kai-komo yana haɗa taragu, duk ba mai motsi sai mutanen kabin sun yarda. Ya ce ƙarafan kulle juna suke yi ta ƙasa: in ba ka daidaita dogo ba, ko ƙarfin Samudawa gare ka na sigina ba zai jawu ba. Kuma ba a kama su da hannu tsirara, gumi na sa musu tsatsa. Shi ya sa har ya koma ga Allah da ɗan tsumma a kafaɗarsa, marikin ƙofar gidansa yana ƙyalli.

Amma ba ƙarafan ne suka bi shi Jidda ba, ƙararrawa ce. Kafin mai sigina ya saki jirgi, sai ya buga wa abokin aikinsa na gaba ƙararrawa yana neman hanya. Shi kuma na gaban dole ya maimaita bugun daidai yadda ya ji shi. In bai maimaita ba, to a wurinsu ba a aika saƙo ba, ko da hannunka ya yi ciwo don bugu. Sannan in jirgi ya zo wucewa, mai sigina ba ya juya baya don ya ga kai ya wuce. Yana tsaye a taga har tarago na ƙarshe, ya ga jar fitilar da ake rataya masa a baya. In babu fitilar wutsiya, jirgi ya tsinke ke nan, akwai taragon da aka bari a daji da mutane a ciki, kuma wani jirgin na iya zuwa ya auka masa.

"Kowa kai yake kallo," haka yake cewa, "saboda kai ne mai hayaƙi da ihu. Mu an ɗauke mu aiki ne don mu kalli wutsiya."

Gwaggo ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Lokacin yana kabin ita ke kai masa abinci, ta tsaya a tsallaken dogo da kwano a kai, ba ta taka layi sai ya leƙo ta taga ya kaɗa mata koriyar tuta. Ta kan ce duk Kano ita kaɗai ce macen da ake ba wa hanya kamar jirgin gwamna. Da aure ya kawo ta Jidda ta taho da mahaifina, autansu. Da jiragen suka yi ta raguwa har ciyawa ta fara fitowa tsakanin dogo, ita ce ta aika wa Baffa ya zo aikin hajji, ya zo, ya zauna. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu na ci, don haka su biyun ba sa kama sunana, sai dai su ce "Uwata".

A nan bai sami kabin ba, sai ya mai da danginmu tasharsa. In ya aike ka, ba ka motsa sai ka maimaita. "Me na ce?" "Burodi da madara." "Wace madara?" Haka za ka tsaya kana zufa har ka faɗa daidai. In ka zo gaishe shi za ka koma, ba ya ce maka sauka lafiya ya shige ciki. Zai ce, "In ka isa ka buga." Bugu ɗaya ka katse, shi ma ya bugo ɗaya ya katse, shi ke nan an rufe hanya. In ka manta, ba zai kira ya yi faɗa ba. Zama zai yi da wayar a cinya, abinci ya huce a gabansa, sai jikokinsa sun kira ka suna cewa, "Don Allah ki buga wa Jaddi, kakanmu, ya ƙi cin abinci." Mun yi masa tsiya a kan wannan har mun gaji. Ni da kaina na taɓa ce masa, "Baffa, daga Hindawiyya zuwa unguwar Safa ne fa, ba Legas za ni ba." Ya ce, "Uwata, duk hatsarin da na sani a kusa da tasha ya faru."

Ranar fita kuwa, ko Umra ko bakin teku, ana iya cika motoci uku da yara da kuloli, direbobi suna ta "yalla, yalla", shi yana tsaye a ƙofa hannu a baya. Gwaggo ba ta da sauri tun tana da ƙafa, balle da gwiwa ta tsufa. Sai ta sauko, ta zauna, ta tattara bakin abayarta an rufe ƙofa, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Fitilar wutsiya ta shiga. A tafi." Ita kuma ta harare shi ta ce, "Wutsiyar gidanku. Ni na goya ka." Ba a taɓa fita ba su yi wannan ba, kuma ba mu taɓa fasa dariya ba.

In mutuwa aka yi, ba ya ba wa waya amana. Lokacin da kakata ta wajen uwa ta rasu a Kano, shi aka fara gaya wa. Ya tako da ƙafarsa cikin zafin rana har gidanmu, ya yi sallama, ya zauna, ya nemi ruwa ya sha. Sai da ya ga mahaifiyata ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta zauna, sannan ya faɗa mata, a fili, ba kewaye-kewaye: wance ta rasu, rana kaza, an binne ta a wuri kaza. Mahaifiyata ta ƙura wa bango ido. Bai tashi ba, bai ƙara kalma ba, har sai da ta buɗe baki ta ce, "Innata ta rasu." Sannan ya yi addu'a. Daga baya na tambaye shi me ya sa ya tsare ta da ido haka, ya ce wanda bai faɗa da bakinsa ba bai ji ba tukuna, kuma ba a barin mutum shi kaɗai da labarin da bai gama shigarsa ba.

Faɗa ɗaya na taɓa yi da shi na gaske, kuma a kan waya ne. Da aka buɗe zauren dangi a waya, ni ce uwar gayya. Matar ƙanena ta haihu, na rubuta, na saka hoto, barka ta yi ta zubowa. Da yamma Baffa ya ce, "An gaya wa Yaya?" Gwaggo yake nufi. Na ce jikanta yana cikin zauren, ga alama nan ta nuna ya gani. Ya sa tabarau ya duba alamar da kyau, ya miƙo min wayar.

"Waya ta gani. Yaya fa?"

"Baffa, zamani ya canza. Ba kowane abu ne sai an buga ƙararrawa ba."

"Ban ƙi zamani ba. Ta amsa?"

Raina ya ɓaci, na ce masa ya bar mu mu huta da reluwen nan da ta mutu tun kafin a haife mu. Ya ɗauki tsummansa ya saɓa, ya fita ya tari mota zuwa Bani Malik ya gaya mata da kansa. Mun yi kwanaki muna gaisawa sama-sama, har ranar da na je gidansa zan tafi ya ce, "In kin isa ki buga," na san ya huce.

Kada a ɗauka mai ƙin sabon abu ne. Da aka fara jirgin nan mai gudu zuwa Makka da Madina, babban ɗansa, wanda muke kira Yayan Safa saboda unguwarsa, ya kai mu mu hau. Baffa ya sha farar jallabiya kamar ranar idi. Tun daga ƙofar tasha yake waige-waige, ashe kabin yake nema. Ya tari wani saurayi ma'aikaci ya tambaye shi da Larabcinsa na 'yan gadi. Yaron ya ce, "Ya ammi, babu kabin yanzu. Ɗaki ne guda can nesa, da allunan kwamfuta, daga nan ake juya komai." Baffa ya ce, "To wa ke ganin wutsiya?" Yaron bai yi dariya ba. Ya ce akwai na'ura a jikin dogo mai ƙirga ƙafafun jirgi in ya shiga, ta sake ƙirgawa in ya fita, in lissafi bai cika ba hanya ba ta buɗuwa. Fuskar Baffa ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa. Har Madina yana maimaitawa: "Ashe ba su yar da ita ba. Ita ma na'urar sai ta ga na ƙarshe."

To, wannan mutumin ne ya rasu ranar Laraba da hantsi a asibiti, bayan jinyar da muka yi ta ce wa Gwaggo "da sauƙi" saboda hawan jininta. Yayan Safa ya kira ni ya ce, "Halas, Abuya, babanmu, ya tafi. Ni zan ji da takardu da maƙabarta, ke ki sanar da mata." Na rubuta a zaure, alamomi suka nuna an gani. A raina Yayan Safa zai biya Bani Malik ya ɗauko Gwaggo, tunda a kan hanyarsa take kuma haka ubansa ya saba sa shi. A ransa shi kuma, Gwaggo mace ce, tana cikin rabona. Jikanta da ke aiki can garin Dammam ya gani, ya ɗauka muna kewaye da ita, ya ƙi kira don kada ya ƙara tayar mata da hankali. Da mata suka taru bankwana wata ta ce, "Ina Gwaggo?" Mahaifiyata ta ce, "Wataƙila jikinta ne." Kafin maganar ta kai bakin ƙofa ta zama "an ce jikinta ne, likita ya hana ta fitowa." Ni ma da ta dawo kunnena a haka na karɓa, har na ji sanyi a raina. Kowannenmu ya yi zato. Saƙo na farko ke nan da ya ratsa gidanmu babu Baffa, kuma nasa ne.

Kwanakin makoki suka ƙare Gwaggo ba ta zubar da hawaye ba. Yayan Safa ya durƙusa a gabanta ya sumbaci kanta yana cewa, "Samhini, ki yafe min ya Gwaggo, wallahi laifina ne." Ta kau da kai. Mahaifiyata ta ba ta haƙuri, ni na ba ta har muryata ta dushe. Ba ta zage mu ba, da ma ta zage mu. Ta koma Bani Malik ta bar filas ɗinta a inda ta ajiye shi, ba wanda ya iya taɓawa. Ta daina ɗaga waya. Na je ta bar ni na shiga, ta amsa sallama, amma da na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan." Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce min 'yar nan ba. Na fito ina jin kamar an kore ni daga dangi, kuma na san na cancanta. Ita kaɗai ta rage mana a manya, ga shekaru, ga ciwo. Tsorona kada ita ma ta tafi tana riƙe da mu.

Maƙwabciyarta ce ta tare ni a matakala, wata 'yar Chadi da ke taya ta girki. Ta ce, "Ke, ba ta cin abinci sai na matsa. Na ce mata Hajiya ki yi kuka ki huta, sai ta ce, kukan me? Ni ba a gaya min komai ba. Kujeru na gani."

Na tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Gaskiya Gwaggo ta faɗa. Ranar da ta zo, kuka muka fashe da shi muka rungume ta. Bayan nan haƙuri muka yi ta bayarwa. Mu duka, da yawanmu da iliminmu da wayoyinmu, babu wanda ya dube ta ya faɗi kalmar.

Na koma Hindawiyya na ɗauki filas ɗin, na zubar da kunun da ya lalace, na wanke shi tas. Washegari da hantsi na hau benenta. Na yi sallama, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce a ba ni ruwa. Ta dube ni, ta tura min kofin da ke gefenta. Na sha. Na ajiye kofin.

Na ce, "Gwaggo, an aiko ni. Baffa ya rasu ranar Laraba da hantsi, a asibiti. An yi masa salla bayan la'asar, an binne shi a nan Jidda, kusa da inda aka sa babana."

Bakina yana ƙaiƙayin ƙara "ki yafe mana", na danne. Fanka tana juyawa, a ƙasa mai gas yana buga tukunyarsa yana wucewa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Can ta ce, a hankali, "Ƙanena ya rasu ranar Laraba da hantsi." "An binne shi kusa da autanmu."

Sai kukan ya zo, irin na wadda ta goya mutum ta kuma riga ta san ba ta ga fuskarsa ta ƙarshe ba, ba kuma za ta gani ba. Wannan ba abin da zan iya mayar mata, ko zan shekara ina hawa benen nan. Da ta lafa ta tambaye ni wa ya yi masa wanka, ko ya sha wuya, ko ya ambace ta. Abin da na gani na faɗa, wanda ban gani ba na ce ban gani ba.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Na ajiye mata filas ɗinta na miƙe. Har na kai ƙofa ta ce, "Uwata." Na juyo. Ta ce, "In kin isa ki buga."

Allah ya gafarta wa Baffa, ya sa ya tarar da hanya a buɗe, ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari. Da na isa ƙofar gidanmu ban fita daga mota ba. Na buga sau ɗaya na katse, na ɗora wayar a cinya, na zauna ina jira kamar yadda ya sha jiranmu abinci yana hucewa. Sai ga ta ta yi ƙara sau ɗaya, ta katse.